Jinyar mai ƙiba bayan aikin jijiyoyin zuciya: abin da na koya a kan Innarmu

Ranar da aka ɗora Innarmu kan sikeli a asibitin da za a yi mata aiki a Jidda, kilo 104 ya nuna. Tsayinta kuwa mita 1.58. Ma'aikaciyar jinyar ta yi ɗan lissafi a waya, ta rubuta 41.7 a takarda, ta ja layi biyu a ƙarƙashi. Ni da Yayana muka dubi juna, babu wanda ya san ma'anar lambar. Mu dai abin da muka sani shi ne ƙasɗara, wato gwajin da ake zura siririn bututu ta jijiya a duba zuciya, ta nuna jijiyoyi uku na zuciyarta sun toshe, likita ya ce sa da'ama, ɗan bututun da ke tokare jijiya ta zauna a buɗe, ba zai wadatar ba, sai an buɗe ƙirji. Ƙiba kuwa a gidanmu ba a taɓa lissafa ta cikin cuta ba. A Shara Mansur ta Makka inda muka tashi, in mace ta yi jiki cewa ake hutu ya karɓe ta.

An yi aikin, Allah ya sa an dace, jiya ma ita ta kaɗa mana miyar kuka. Amma mun sha wahalar mako uku da ba ta zama dole ba, kuma sakacinmu ne ya jawo ta. Tun daga lokacin duk wanda za a yi wa nasa irin aikin a unguwa ni ake turo wa, shi ya sa na ga gara in rubuta. Ni ba likita ba ce, mai jinya ce. In maganata ta saɓa da ta likitanku, tasa za ku bi.

Ku fara da lambar nan da ma'aikaciyar jinya ta rubuta. Ana ninka tsayi sau kansa, sai a raba nauyi da abin da aka samu: 1.58 sau 1.58 kusan 2.5 ne, 104 a raba da 2.5 kusan 42. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 ƙiba ce, daga 40 ƙiba ce mai tsanani. Ku yi lissafin mara lafiyarku tun a gida, don ku san tambayoyin da za ku shiga da su ɗakin likita.

Inda ƙiba take shigowa

A wannan aikin ba a wanke jijiyar da ta toshe. Ratse ake yi mata, kamar yadda ake karkatar da motoci ta wani titi in an rufe hanyar Harami lokacin Hajji. Ana ɗauko jijiya daga bangon ƙirji ta hagu, a ƙara da ta ƙafa ko ta hannu, a ɗinka ta gaban wurin da ya toshe. Wani likita ɗan Ajantina, René Favaloro, shi ya kafa wannan hanya ta amfani da jijiyar ƙafa a Cleveland ta Amurka a 1967. Kafin a kai ga zuciya sai an tsaga ƙashin ƙirji daga sama har ƙasa, in an gama a ɗaure shi da wayar ƙarfe marar tsatsa wadda za ta zauna a jiki har abada. Ke nan mara lafiyarku zai dawo gida da karaya, karayar gangan, wadda ke ɗaukar mako 6 zuwa 8 kafin ta haɗe, wata uku kafin ta yi ƙwari sosai.

To a kan wannan karayar ƙiba take sauke nauyinta. Kitse jini bai cika ratsa shi ba, don haka rauni a cikinsa yana jinkirin warkewa, maganin kashe ƙwayoyin cuta ma ba ya isa wurin yadda ya kamata. Nauyin mama yana jan ɗinkin hagu da dama, teɓa tana jan sa ƙasa. Jijiyar da aka ɗauka daga bangon ƙirji kuma dama tana cikin masu shayar da ƙashin, shi ya sa likitoci da yawa ba sa son ɗaukar ta hagu da ta dama gaba ɗaya ga mai ƙiba da ciwon suga. Ruɓewar da ke kaiwa har ƙashi ba ta da yawa, mutum 1 ko 2 ne cikin 100, amma ta fi aukuwa ga masu ƙiba da suga, kuma in ta zo sai an koma ɗakin tiyata.

Sai huhu. Idan mai tumbi ya kwanta rigingine, cikin yana tura huhu sama, ƙasan huhun ya motse, kaki ya taru, daga nan sai ciwon huhu. Shi ya sa wasu ke daɗewa a kan injin numfashi. Akwai kuma rikicewar bugun zuciya, da gajiyar ƙoda, da daskarewar jini a ƙafa, duk ƙiba tana ƙara yiwuwarsu.

Duk da haka kada wani ya tsorata ku ya ce mai jiki ba ya tashi daga wannan aiki. Bincike da yawa sun nuna masu matsakaiciyar ƙiba ba su fi sauran mutane rasuwa a makonnin farko ba, ramammu ƙwarai ma sun fi su shiga haɗari. Abin da ƙiba ke ƙarawa shi ne wahalar rauni da numfashi, musamman daga 40 zuwa sama, kuma yawancin wannan wahalar a hannun mai jinya maganinta yake.

Kafin ranar aiki

In likita ya ce aikin na gaggawa ne, kada ku ce bari ta rage jiki tukuna. Kuma kada ku sa ta yunwa a 'yan kwanakin da suka rage. Kilo uku da za ta zubar cikin mako biyu ruwa ne da tsoka, tsokar kuwa ita za ta tashe ta daga gado.

Abin da ya fi kilo muhimmanci a wannan lokacin suga ne. Ku nemi gwajin da ake kira sukkari tarakumi, wanda ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku. Na Inna 8.9 ya fito, alhali kullum cewa take sugarta lafiya lau, don da sassafe kawai take aunawa kafin shayi. In akwai lokaci, likita zai gyara magani ko ya sa insulin kafin aiki. Kada ku yi gardamar insulin. A asibiti ma bayan aiki da shi ake riƙe suga ƙasa da 180, har ga wanda bai taɓa yin allurar ba.

Ku faɗi maganar minshari ko da ba a tambaye ku ba. Mai ƙiba da ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya ɗauke cikin barci sannan ya farka a firgice, ya wuni yana gyangyaɗi, mai yiwuwa maƙogwaronsa ne ke toshewa da dare. Likitan banju, wato mai sa barcin tiyata, yana bukatar ya sani, don maganin barci da masu kashe zafi suna ƙara tsananta abin. Ni ce nake kwana ɗaki ɗaya da Inna, ni na faɗa, ta harare ni har muka fito. Wanda dama yake da injin iska na barci ya tafi da shi asibiti.

Ku zuba duk magungunan gida a leda ku kai, har da na gargajiya. Plavix, maganin tsinka jini, akan dakatar da shi kwana 5 kafin aiki, magungunan suga Jardiance da Forxiga kwana 3, asfirin kuma sau da yawa ba a dakatar da shi. Masu allurar rage ƙiba irin Ozempic ko Mounjaro lallai su faɗa, saboda tana sa abinci ya daɗe a ciki, ana iya yin amai a shaƙe shi lokacin banju. Likita ne zai sa ranar tsayar da kowanne, ba ku ba. Mai shan taba ko shisha ya bari tun yau, in ya samu mako 4 kafin aiki ya fi.

Za a ba ku sabulu na musamman na wankan daren aiki da safiyarsa. Ku taya ta, don inda ya fi bukatar wankin, wato ƙarƙashin mama da ƙarƙashin teɓa da matsematsi, nan ne hannunta ba ya kaiwa. Kada a aske ƙirji ko ƙafa da reza a gida.

Sayayya kuma kafin a kwanta ake yin ta: rigar mama mai maɓalli a gaba, marar ƙarfe, ta auduga, guda uku, kujera mai tsayi mai ƙarfi, kujerar banɗaki, sikeli, na'urar auna suga, ma'aunin zafin jiki, da ƙaramin filo.

A asibiti

Aikin yakan ci awa 3 zuwa 6, sai kwana ɗaya ko biyu a inaya, wato ɗakin kulawa ta musamman, gaba ɗaya kusan mako guda in babu tangarɗa. Aikinku a nan uku ne. Za a ba ta wata roba mai ƙwallaye a ciki, ta riƙa zuƙar iska a hankali har su tashi, sau 10 kowace awa in tana farke. Ta riƙa tari tana rungume da filo a ƙirji. Ta kuma sauko daga gado ta zauna a kujera, ta taka, da zarar an ba da izini, galibi washegarin aiki. Duk ukun da zafi, saboda haka kada ta yi jarumtar ƙin maganin zafi. Wanda ƙirjinsa ke ciwo ba ya cika huhunsa da iska. Na yi kuka a banɗaki ranar da na tilasta wa Inna tashi tana cewa "ke ba ki da tausayi", amma na tashe ta.

A rana ta biyu ko ta uku zuciya kan rikice da bugu da sauri ba tsari. Kusan mutum ɗaya cikin uku ko huɗu yana samun haka bayan wannan aiki. Ya sami Inna a dare na uku, aka sa mata magani ta jijiya, kafin azahar ya daidaita. Ku kira ma'aikata, amma ba abin a kira dangi a Kano ana kuka ba ne.

Gida, inda ainihin jinyar take

Gidajenmu na nan rayuwar ƙasa ce. Majalisi a ƙasa, faranti a ƙasa, katifa a ƙasa, banɗaki na tsuguno. Duk wannan haramun ne ga mai tsagaggen ƙirji har wata biyu, don mai kilo ɗari ba ya tashi daga ƙasa sai ya dafa da hannu biyu, kuma duk nauyin da hannu ya ɗauka ƙashin ƙirji ne ya ɗauka. Ku samo gado, ko na aro ne. Ta kwanta rigingine da filo biyu ko uku a bayanta. In za ta tashi, ta rungume filonta, ta mirgina gefe, ta sauke ƙafafu, sannan ta miƙe zaune. Daga kujera kuma ta matso bakin kujerar, ta ja ƙafafu baya, ta yi lilo gaba sau uku, ta tashi da ƙarfin cinya.

Babban kuskuren masu taimako shi ne kama hannuwanta a ja. Kowa haka yake tayar da mai jiki, kuma haka ake ɓalle waya. Ku tsaya a gefenta, ku tallafi bayanta da ƙugunta. Sai da na yi faɗa da Yayana a kan wannan, shi a ganinsa taimako yake.

Kada ta ɗauki abin da ya wuce kilo 5 har mako 6 zuwa 8. Galan ɗin Zamzam ya fita, tukunyar tuwo ta fita, jika mai rarrafe ya fita. Tuƙin tuwo da shara da tura ƙofa mai nauyi duk a jira. Namiji ya bar tuƙin mota mako 4 zuwa 6. A hanyar Jidda zuwa Makka mun sa ta a kujerar baya, filo tsakanin ƙirjinta da bel. Masu zama a saman bene marar lif su hau a hankali, taki ɗaya hutu ɗaya, kada ta ja jikinta da ƙarfen matakala.

Salla ita ce ta fi ba mu wuya. Matar da ta shekara sittin tana kai goshi ƙasa, ka ce ta zauna a kujera? Sai da Yaya ya karanta mata hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Ta yarda a baki. Daga baya na kama ta da asuba ta sauka ƙasa tana sujada, tana ta fama ta tashi da hannu. Tun daga ranar na ɗauke dardumar, na ajiye kujerar tana kallon alƙibla.

Raunin da muka yi sakaci da shi

A kwana na 12 na ga ƙasan ɗinkin, daidai inda mama ke sauka a kai, ya yi ja yana tsattsafo da ruwa. Da na waiwaya sai na ga abubuwa uku ne suka haɗu. Na farko, Inna ta daina sa rigar mama da dare wai tana takura ta, ni kuma na ƙyale. Ashe dare da rana ake sa ta a makonnin farko, ana cirewa ne kawai don wanka. Na biyu, zafin Makka: gumi yana taruwa a ninkin fata, ni kuma sama nake dubawa inda ido ke gani, ban ɗaga na duba ƙasa ba. Na uku, 'yan dubiya. Kowa ya zo da dabino, da ma'amul, da lemon kwali, a zuba gahawa, a ce "Hajiya ɗan taɓa mana, ai dabino sunna ne". Da na auna sugarta da la'asar 268 na gani.

Gwaggonmu ta ce a shafa zuma da man habbatussauda. Na ce Gwaggo ki yi haƙuri, muka kama hanyar Jidda. Allah ya taimake mu abin bai kai ƙashi ba. An buɗe ɗan wurin, aka ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta, muka yi mako uku muna zaryar wankin ciwo.

Saboda haka kullum safe da yamma ku wanke hannu, ku ɗaga mama ku ɗaga teɓa ku duba da fitilar waya. Bayan wanka a tsane wurin da tawul mai tsabta, dannawa ake ba gogewa ba, a sa busasshen ƙyallen asibiti a ninkin fatar. Ba mai, ba hoda, ba turare, ba lalle, ba zuma. Zamzam a sha shi, kada a jiƙa ɗinki da shi. Ƙaho ma a jinkirta, tana kan maganin tsinka jini. Raunin ƙafa shi ma a duba shi, musamman can sama wajen cinya inda fata ke gogar fata, kuma in tana zaune a ɗora ƙafar a kan wani abu don kumburi ya sauka. 'Yan dubiya kuwa ku sa musu lokaci, mai mura ya gaishe ta ta waya. Za a ce kun cika iyayi. An faɗa mini, ban mutu ba.

Ku koma asibiti a ranar, ba gobe ba, in kun ga ja yana yaɗuwa, ko ruwa ko mugunya, ko zazzaɓi ya kai 38, ko ta ce tana jin ƙashin yana ƙas-ƙas in ta motsa ko ta yi tari. Ku auna nauyinta kowace safiya bayan fitsari kafin karin kumallo. Ƙarin fiye da kilo 1 a kwana guda ko kilo 2 a mako ba kitse ba ne, ruwa ne ke taruwa, kuma a jikin mai ƙiba ido ba ya ganinsa da wuri, sikeli ne ke tona shi. Ciwon ƙirji irin na da, numfashi ya ƙwace farat ɗaya, suma, karkacewar baki, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, wannan na motar asibiti ne: a nan Saudiyya 997, ko 911 a yankin Makka. Tambayar da ba ta gaggawa ba a kira 937. Don ciwon jiki kuma kada a sayo Brufen ko Voltaren a saidaliyya, wato kantin magani, suna taɓa ƙoda suna kuma sa zubar jini. In bayan gida ya yi tauri a nemi magani, yunƙuri ma aiki ne a kan ƙirji.

Abinci, da lokacin rage jiki

A wata biyun farko ba a neman rama, warkewa ake nema. Jiki na bukatar abin gina tsoka: ƙwai, kifi, kaza ba fata, wake, ful (dafaffen wake na nan) ba a malale shi da mai ba, laban (nono) marar suga. Abin da za a yanke tun ranar farko zaƙi ne da gishiri. Shayi mai cokali uku, Vimto, sobiya, kunu da fura masu suga duk su tafi. Gishiri kada ya wuce giram 5 a wuni, ƙaramin cokali ɗaya ke nan har da na cikin dunƙulen miya. Mu daddawa da tafarnuwa da citta muka ƙara don miyar ta yi ɗanɗano. Azumi in ya zo kusa da aikin a tambayi likita, mara lafiya Allah ya ba shi rangwamen ramuwa.

Bayan likita ya ce ƙashi ya haɗe, sai a fuskanci ƙibar da gaske, don aikin bai cire cutar da ta toshe jijiyoyin ba. Jijiyar bangon ƙirji tana da ƙarko, fiye da 90 cikin 100 suna nan a buɗe bayan shekara 10, amma na ƙafa kusan rabinsu kan toshe ko su ƙuntace a wannan tsawon lokaci. Asfirin da maganin kitsen jini kullum, da riƙe suga da hawan jini, su ne ke tsawaita kwanansu. Ba a ce ta koma budurwa ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi a wata shida ya isa a ga canji a suga da hawan jini, ga Inna kilo 5 zuwa 10 ke nan. Abin da ya yi mana aiki shi ne raba mata kwanonta. A babban farantin kabsa ko mandi babu wanda ya san iya abin da ya ci. Malmalar tuwo ta koma rabi, miyar ganye ta ƙaru. Tsire kuwa, wanda mutanen Hijaz suka karɓa daga hannun kakanninmu suke ce masa siriya, mun yi sulhu a kan tsinke biyu ranar Juma'a, ba kitse.

Tafiya mun fara da minti 5 sau uku a wuni a cikin falo, muna ƙara minti ɗaya ko biyu duk bayan kwana biyu, har ta kai rabin awa. Ma'aunin shi ne ta iya magana tana tafiya. Da rana a nan ba a fita, zafi kan haura 45, don haka bayan asuba muke yi, ko cikin babban kanti mai sanyi kafin mutane su cika. In asibitinku na da shirin motsa jiki na masu ciwon zuciya, ku roƙa a sa ta.

Tun tana inaya take tambayar yaushe za ta yi Umra. Sa'ayi kaɗai ya haura kilomita 3, ga ɗawafi, ga turereniya, kuma gwiwar hannun mutum ɗaya a ƙirji ta isa ta ɓata aikin wata biyu. Sai a wata na huɗu likita ya yarda, muka je bayan tsakar dare ba a lokacin cunkoso ba, ta yi ta a keken turawa a hawa na sama, filonta a cinya. Yanzu wata tara da aiki, sikeli na nuna 95, tarakumi ya sauko 7.2. Ta ce Umra ta gaba da ƙafarta za ta yi ɗawafi, sa'ayi ne kawai za a tura ta. Na ce za mu tambaya a mau'idinmu na ganin likita watan gobe.